Wayar da ake gani da wayar da ke binne: yadda sata ke kashe wurin cajin motar lantarki

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar abin hawa mai aiki da batir ta bar teburin masana, ta shiga bakin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep. A Kebbi wuraren cajin mota ba su zama ruwan dare ba tukuna, ko da yake a maƙwabciyarmu Sakkwato hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe guda mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 2021. To amma duk mai gidan mai a Jega ko Argungu da ya fara lissafin kafa na'urar caji, da duk ƙungiyar masu keke da ke shirin haɗa rumfar caji a Birnin Kebbi, akwai matsalar da ya kamata su sani tun kafin a zuba kankare: satar waya.

Waɗanda suka riga mu shiga harkar sun sha da ita. A Amurka, kamfanin Electrify America ya ce daga Janairu zuwa Mayun 2024 an yanke masa wayoyin caji 129, alhali a ɗaukacin 2023 guda 125 aka yanke. A wannan wata na Mayu ne kuma farashin jan ƙarfe ya haura dala 11,000 kan kowane tan a kasuwar ƙarafa ta Landan, wato kusan dala 11 kan kilo ɗaya. Ba a rasa alaƙa tsakanin abubuwan biyu. Ingila da Jamus ma sun yi ta fama da abu ɗaya. Sai dai wanda ya kwafo dabarunsu kai tsaye ya kawo nan zai tsare ƙofa ne ya bar taga a buɗe, domin inda ɓarawonsu ke kai hannu daban, inda namu ya saba kaiwa daban.

Mu fara da lissafi, don shi ne ke warware komai. Ana auna kaurin waya da murabba'in milimita, abin da masu wayarin ke taƙaitawa su ce "mai 6" ko "mai 50". Waya mai kaurin 1, idan tsawonta ya kai mita ɗaya, jan ƙarfen da ke cikinta giram 9 ne, ƙasa da haka kaɗan. Daga nan kowa zai iya auna abin da ɓarawo zai samu.

Ƙaramar na'urar caji mai kilowat 7, irin wadda ake maƙalawa a bango, wayarta na ɗauke da jijiya uku, wato wayoyin jan ƙarfen da ke cikinta, masu kaurin 6, sai siririyar wayar saƙo. Idan tsawonta mita 5 ne, jan ƙarfen bai cika kilo ɗaya ba, giram 800 ne da ɗoriya. Babbar na'ura mai saurin caji, wadda ke tura amfiya 200 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ne), takan zo da jijiya biyu masu kaurin 50 ko 70, da wayar atin, mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, mai kaurin 25. A mita 5, idan masu 50 ne, kilo biyar da rabi ke nan. Ko da farashin Landan na wancan wata aka biya, wanda babu mai biyan ɓarawo shi, kuɗin kusan dala 60 ne kawai. Na'urori mafiya ƙarfi kuwa, masu sanyaya waya da ruwa, jijiyoyinsu sun ma fi siranta, domin ruwan ne ke kwashe zafin. Wanda ya yanke irin wannan zai ga abu mai kauri a hannu, ya je gida ya tarar rabinsa roba ce da bututun ruwa.

Yanzu a dubi wayar da ba a gani. Daga taransifoma zuwa na'urar caji akwai waya mai sulke da ake binnewa. Ɗauki mai jijiya huɗu, kowace mai kaurin 95, tsawon mita 30. Jan ƙarfen da ke ciki ya haura kilo 100. Wato waya ɗaya da ke ƙarƙashin ƙasa ta yi daidai da wayoyin babbar na'ura goma sha takwas. Ɓarayin ƙasar nan sun san wannan lissafi tun kafin a kawo motar lantarki ko guda. Duk unguwar da ta taɓa wayar gari cikin duhu, aka je aka tarar an kwance wayoyin da ke saukowa daga taransifoma zuwa akwatin rarraba wuta, an tsiyaye man, sannan aka bi gida-gida ana karo-karo, ta san abin da ake nufi. Wurin caji kuwa taransifoma ce, ga waya binne, ga faifan sola, ga batura, duk a tattare a fili ɗaya.

Me ya sa wuta ba ta kama mai yankan?

Wannan tambaya ce da mutane ke yawan yi, amsarta kuma tana cikin yadda aka ƙera na'urar. Wayar caji da ke rataye babu wuta a cikinta. A cikin na'urar akwai makunni mai aiki da maganaɗisu, wanda ba ya haɗa wuta sai an jona kan wayar a jikin mota, motar da na'urar sun yi musayar saƙo ta siririyar wayar nan, an tabbatar atin na nan daram, an kulle kan wayar. An yi haka ne don kada yaro ya zura yatsa ya halaka, kuma tsari ne mai kyau. Illarsa ita ce ɓarawo ma ya samu kariya. Da babban almakashin ƙarfe ko ƙaramar giranda mai batir, aikin bai kai minti ɗaya ba.

Amma wannan kariya tana da iyaka, kuma iyakar kisa ce. Idan mota na cikin caji, wutar da ke bin wayar babbar na'ura tana kaiwa bolt 400 zuwa 800, kuma miƙaƙƙiyar wuta ce irin ta batir. Wutar gida tana sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa. Miƙaƙƙiyar wuta ba ta sauka, tartsatsinta na iya riƙewa yana narkar da ƙarfe a hannun mutum. Haka wayoyin sola: faifai ɗaya na ba da bolt 40 zuwa 50, idan aka jera 15 an wuce 600, kuma muddin akwai rana akwai wuta, ko an kashe inbata ko ba a kashe ba. Ita kuma wayar taransifoma, ɓarayi kan jira a ɗauke wuta ne su hau. Ba sa sanin lokacin da za a dawo da ita. Akan tura yara matasa su hau, wanda ya tura su yana can nesa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a daina ɗaukar lamarin a matsayin ƙaramar sata.

Gyaran ne ke cin kuɗi

Duba bakin wayar da aka yanke da kyau. Za ka ga manyan jijiyoyi biyu, kowace tarin siraran zaruruwa ce masu ɗimbin yawa don ta riƙa lanƙwasuwa, ga atin mai launin kore da rawaya, ga ƙananan wayoyi shida ko takwas a gefe. Wasunsu na saƙo ne, wasu kuma suna zuwa ga ma'aunin zafi da ke cikin kan wayar, wanda ke gaya wa na'ura ta rage wuta idan bakin ya fara zafi. Ɓarawo kan tafi da kan wayar ma, alhali shi ne mafi tsada kuma ba shi da wani amfani a wurin mai sikeli, wato mai sayen tsofaffin ƙarafa a kan awo.

Abu na farko da zai zo wa mai wuri a rai shi ne a kira mai wayarin ya yi jonin. Kada a yi. Wurin joni ya fi sauran waya turjiya, wato wahalar da wuta ke sha wajen wucewa, turjiya kuma zafi take haifarwa, zafin yana ƙaruwa ne ninki huɗu duk lokacin da wutar ta ninka sau biyu. Jonin da zai riƙe amfiya 10 lami lafiya zai iya narkewa a amfiya 200. Ƙara da zafin Afrilu a Birnin Kebbi, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, da ruwan Agusta, da jan da direbobi ke yi wa wayar kullum. Ana sauya wayar ne gaba ɗaya, daga cikin na'ura har kai, a ɗaure notunan da ƙarfin da kamfani ya rubuta, a gwada rufin wayar da na'urar gwaji, sannan a kunna.

Nan ne jira ke shigowa. Kan waya iri-iri ne: motocin da aka yi wa kasuwar Turai na amfani da Type 2 da CCS2, waɗanda aka yi wa kasuwar Sin na amfani da GB/T, kuma ba sa shiga juna. Wayar da ta dace da na'urarka ba abin da za a tsinta a shagon kayan wuta ba ne, oda ake yi da dala a jira makonni. A ce na'ura mai kilowat 60 tana aiki awa 6 a rana, tana sayar da yunit 360 ke nan. Mako uku a tsaye, yunit 7,560 sun tafi. Asarar da ta fi wannan ciwo ita ce ta amana. Direban da ya taso daga Yauri da lissafin zai yi caji a Koko, ya iso batir ya kusa ƙarewa ya tarar da guntun waya na lilo, ba shi da jarkar da zai ɗauka ya je ya sayo wuta. Sai dai a ja motar. Ba zai sake yarda da wurin ba, kuma zai gaya wa duk wanda ke shawarar sayen irin motarsa.

Akwai kuma tarkon da ake faɗawa wajen neman sauƙi: wayar alminiyom da aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama. Ido ba ya rarrabewa. Kankare zare ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to ita ce. A hannu ma ta fi sauƙi sosai, domin alminiyom bai kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jan ƙarfe ba. In aka sa ta a matsayin jar waya mai kauri ɗaya, za ta yi zafi ta ƙone bakin haɗin.

Satar da ba ta nuna kanta

Wayar caji da aka yanke kowa na gani, a rufe wurin. Wadda ta fi tayar mana da hankali ita ce satar atin. Atin tsirarar jar waya ce ko faffaɗan tsinken jan ƙarfe da ke sauka daga jikin na'ura da taransifoma zuwa sandunan da aka kafa a ƙasa. Babu wuta a jikinta, tana waje, cire ta ba ya kashe ko ƙwan fitila ɗaya. Na'urori masu kyau suna lura su ƙi yin caji, amma masu arha da yawa, musamman cajojin keke da babur, ci gaba suke yi da aiki kamar ba abin da ya faru. Ranar da rufin wata waya ya goge ta taɓa jikin akwati, wutar ba ta da hanyar shiga ƙasa sai ta jikin wanda ya dafa, watakila yana tsaye cikin ruwan sama. Haka na'urar kare tsawa ba ta da amfani in babu atin, farkon hadarin damina zai tafi da allunan ciki.

Ta biyu ita ce wayar nutiral a taransifoma. In aka sace ta, layukan wuta uku da ke fitowa daga taransifoma sun rasa madogara, wuta ta karkata: wani layi ya faɗi ƙasa, wani ya tashi daga bolt 230 ya doshi 400. Rumfar da ke da cajojin keke ashirin na iya rasa na layi guda duka cikin ƙiftawar ido, har da firji da fankar maƙwabta. Maganinsa ba tsada: na'urar lura da hawa da saukar wuta a babban akwati, mai yanke komai da zarar an wuce iyaka. Shi kuwa atin, a sa shi cikin jadawali, a duba da ido kowane mako, a auna shi da na'ura aƙalla sau biyu a shekara, sau ɗaya a tsakiyar rani lokacin da ƙasa ta bushe turjiyarta ta hau.

Abin da ke aiki a nan

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi ingancin tsaro shi ne a rage jan ƙarfen da ke wurin tun a takardar zane. Wayar da za a binne daga taransifoma a yi ta da alminiyom na gaskiya mai sulke. Alminiyom na ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, don haka sai an ƙara kauri kamar sau ɗaya da rabi da ɗan ƙari: inda za a sa jar waya mai 95, a sa alminiyom mai 150. Duk da ƙarin kaurin, nauyinta kusan rabi ne, kuɗin kilonta a wurin masu gwangwan kuma ya yi ƙasa nesa. Ba a ce ba a sace ta ba, masu zuba tukwane na saye, amma wahalar haƙa ta fi ribar. Sharaɗi ɗaya: bakin haɗi sai da kan waya na musamman mai haɗa ƙarfe biyu, a shafa man hana tsatsa, a matse da matsi mai ƙarfi. In aka ɗaura alminiyom kai tsaye kan sandar jan ƙarfe, wurin zai ci kansa, ya saki, ya yi zafi. A rubuta a jikin akwati da Hausa, boko da ajami, cewa wayar alminiyom ce, don kada a haƙa a banza a bar maka ɓarna.

Binnewar ma da ƙa'ida. Zurfi kamar santimita 70 zuwa 90, yashi a ƙasa da sama, a jera falankin kankare, a shimfiɗa kirtanin gargaɗi, sannan a cike. Ɓarayi ba sa haƙe ramin duka. Sukan yanke bakin nan da bakin can, su ɗaura igiya su ja da abin hawa. Shi ya sa waya mai santsi cikin faffaɗan bututun roba kyauta ce gare su. A riƙe ta da maɗauri a daskare cikin kankare kowane 'yan mitoci, inda ta fito daga ƙasa kuma ta bi ta bututun ƙarfe mai kauri har cikin akwati. Atin a yi shi da sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe ko tsinken ƙarfe mai rufin hana tsatsa, a binne shi cikin siminti, a bar ɗan ramin gwaji mai murfi da makulli. Notunan faifan sola da na taransifoma a yi amfani da masu karyewar kai, waɗanda sufana ba ta kama su bayan an ɗaure.

Ga ƙananan na'urori akwai mafita mai sauƙi da Turai ta daɗe da ita: turke mai soket kawai, direba ya zo da wayarsa, na'urar ta kulle ta lokacin caji, ya gama ya naɗe abinsa ya tafi. Ga keke da babur kuma, tsarin musayar batir a cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe ya fi jere wayoyi a fili. Babbar na'ura ce ba ta da wannan zaɓi, wayarta a jikinta take. Kamfanin ChargePoint ya fito da waya mai wuyar yankewa da ƙararrawa a farkon 2025, Tesla ta gwada rigar waya mai fesa rini da kuma buga sunanta a jikin jan ƙarfen, InstaVolt na Ingila ta sa riga da na'urar bin sawu. Dukansu jinkirta ɓarawo suke yi, giranda na cin sulke in aka ba ta lokaci. Jinkirin na da amfani ne kawai idan akwai wanda zai ji ya fito. A wurin da ake rufewa da dare, akwatin ƙarfe da maƙerin walda zai haɗa, a naɗe wayar ciki a kulle, ya wadatar, muddin an bar masa kafofin iska.

Kyamara kuwa mutane na dogara da ita fiye da ƙima. Tana nuna maka mutum da rawani a fuska bayan ya tafi. Kuma ɓarawo na zuwa ne lokacin da babu wuta, don haka kyamara da fitila da ƙararrawa dole su kasance da batirinsu daban. Kada kuma a rataya komai ga saƙon wayar salula. Zamfara ta yi makonni babu layin sadarwa lokacin da aka rufe shi a Satumbar 2021, ko ba rufewa ma akwai wuraren da sabis ke zuwa yana tafiya. Jiniya mai ƙara a wurin, da maigadi mai albashin da zai riƙe shi, sun fi manhaja. Mafi arha duka shi ne zaɓen wuri: cikin gidan mai da ke kwana a buɗe, ko gefen tasha inda mai shayi da mai tsire ke kaiwa asuba, na'urar tana fuskantar mutane ba bayan gini ba.

Mai sikeli

Babu wanda ke yanke waya don ya ajiye a ɗaka. Ana kai ta bayan gari a cinna mata wuta da tsohuwar taya don robar ta ƙone, hayaƙin da ke tashi kuwa guba ne mai cin huhu, yara ne kuma ke tsaye a kansa. Daga nan sai wurin mai sikeli, daga shi sai dila, sai babbar mota. Sana'ar gwangwan halal ce, tana ciyar da dubban gidaje a Arewa, kuma hana ta ɗungurungum na jefa masu gaskiya cikin yunwa ne, ya mayar da cinikin cikin dare. Borno ta hana ta a 2023, Abuja ta dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025 bayan satar murafun kwalbati. Hanyar da Ingila ta bi a dokarta ta 2013 ta fi dacewa a yi nazari: lasisi ga kowane dila, duba katin shaidar mai sayarwa, rubuta kowane ciniki, da hana biya da tsabar kuɗi. Yau da POS da tiransifa suka shiga kowace kasuwa, wannan ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci kan satar wayoyi da kayan wuta, karɓar kayan sata laifi ne tun a tsohuwar dokar hukunta laifuka, kare irin waɗannan kadarori kuma na cikin aikin jami'an Sibil Difens. Abin da ke kayar da ƙara shi ne shaida: ƙonanniyar jar waya ba ta da suna. Don haka mai wurin caji ya rubuta lambar kowace waya da kowane faifai da batir, ya ɗauki hotonsu, ya buga alama a jikin sandunan jan ƙarfe da kan haɗi. Sannan ya ɗauki guntun wayar caji ya kai wa shugabannin ƙungiyar masu gwangwan na garinsa su gani, su riƙe a hannu. Siraran zaruruwanta ba su yi kama da wayar gida ko ta tsohuwar fanka ba, dilan da ya gan su sau ɗaya zai gane su ko an ƙone. A bar masa lambar da zai kira, a kuma yi yarjejeniya a gaban mai unguwa cewa wanda ya kawo rahoto ba shi za a fara kamawa ba, domin tsoron hakan ne ke sa yawancinsu yin shiru.